Amosanin gaɓɓai: Yadda wayar hannunki za ta riƙe miki lissafin ciwo a Fatakwal da Anacha da Inugu

Idan kina zaune a Fatakwal ko Anacha ko Inugu, kuma kullum da asuba yatsunki sukan sandare har ki kasa riƙe buta, kada ki yi saurin cewa laimar Kudu ce ta shige ki. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Diobu da Oyigbo, da na bakin gadar Anacha, da na Gariki da New Artisan a Inugu, haka suke fassara abin. Sai a ce sanyin ƙashi ne, da an koma gida an sha rana zai tafi. A je gidan a dawo, ciwo yana nan, yatsu kuma sun fara karkacewa.

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi, mai zuwa da shekaru da nauyin jiki, wanda ya fi kama gwiwa da ƙugu. Wanda muke magana a kai yau daban ne, likitoci suna kiran sa rumatoyid. A nan garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓɓai, sai su kumbura su ɗau zafi. Ya fi farawa da ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu da na ƙafa, yawanci hagu da dama tare, kuma sandarewar safiya takan wuce rabin awa, wani lokaci awa guda ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Shi ya sa da ke muke magana, 'yar'uwa. Amma maigida ma ya matso kusa, akwai nasa aikin a ciki.

Ciwon ba ya warkewa kacokan, amma ana iya kwantar da shi har mutum ya ci gaba da harkokinsa, musamman idan an fara magani da wuri. Gaɓar da ta riga ta lalace ba ta komawa yadda take. Maganin kuma na shekaru ne, ana sha ana gwajin jini ana komawa wurin likita. A nan ne wahalar mazauna Kudu take. Ƙwararrun likitocin wannan fanni kaɗan ne a Najeriya, kuma a manyan asibitocin koyarwa aka fi neman su. Na Jami'ar Fatakwal yana can wajen Choba. Na Jami'ar Najeriya yana Ituku-Ozalla, bayan garin Inugu. Mai zama Anacha kuwa yakan nufi na Nnewi, ko ya haye gada zuwa Asaba. Ga shi rayuwarmu a rabe take gida biyu. An buɗe miki kati a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika lokacin da kika je ganin gida, fayil ɗin yana can, ke kina nan. Likitan da zai gan ki a Inugu bai san abin da aka ba ki a Zariya ba, ke ma sunan maganin ya ɓace miki, abin da kike tunawa kawai shi ne ƙwayar rawaya ce ƙarama.

Wayar da ke hannunki za ta iya toshe wannan giɓi, ba kuma sai mai tsada ba. Aikinta na farko shi ne tuna abin da ke za ki manta. Likita yana ganin ki minti kaɗan ne bayan wata biyu ko uku, ya tambaye ki yaya jiki. Idan kin tashi da sauƙi ran nan sai ki ce alhamdulillahi, makonni biyun da kika yi ba ki iya matse tsumma sun wuce ba a faɗa ba. Wannan kunya da godiya halinmu ne mai kyau, amma a ɗakin likita yana sa a bar ki a kan maganin da bai ishe ki ba. A Jami'ar Manchester da ke Ingila an gwada wata manhaja a wani bincike mai suna REMORA, inda masu wannan ciwo suke shigar da yadda suke ji kullum a waya, bayanin ya tafi kai-tsaye cikin fayil ɗinsu na asibiti. Da suka zauna da likita, sai aka riƙa ganin ranakun tashin ciwo waɗanda da ba a rubuta ba, da sun wuce ba a ambata ba.

Ba sai kin jira irin wannan tsari ba. Buɗe zaure a WhatsApp wanda daga ke sai mutum ɗaya da kika amince da shi, ko ki riƙa tura wa kanki saƙo. Kullum bayan sallar asuba ki faɗi abu uku: minti nawa yatsun suka yi kafin su saki, waɗanne gaɓɓai ne suka kumbura, sannan ki ba zafin maki daga 0 zuwa 10. Kiran assalatu ma agogo ne. Idan an kira kina sandare, har yara suka tafi makaranta ba ki iya tura maɓallin riga ba, kin san an haura awa biyu. Idan latsa haruffa yana miki ciwo, yi saƙon murya da Hausarki, rabin minti ya isa. Ranar da gaɓa ta kumbura sosai ki ɗauki hotonta a cikin haske, hannu biyu a jere, domin kumburi yana da halin sacewa ana gobe ganin likita. Kafin ranar asibiti, ɗanki ko 'yarki mai Turanci ya saurari saƙonnin ya taƙaita su a takarda guda. Likitan da ba ya jin Hausa zai fi fahimtar wannan takarda a kan tafintan da aka tsinta a layi.

Batun laima ma, lissafin zai raba gardama. Masu bincike na wannan jami'a ta Manchester sun yi wani aikin da waya, wanda mutum fiye da 13,000 masu ciwo mai daɗewa suka yi rajista, aka fitar da sakamakonsa a 2019. Sun ga cewa ranakun da iska ke da laima sosai zafin yakan ɗan ƙaru. Ashe ba ƙarya kike yi ba idan daminar Fatakwal ta fi takura miki. Amma ƙarin kaɗan ne, kuma laima ba ita ke haddasa ciwon ba, don haka komawa Arewa ba zai maye gurbin magani ba.

Aiki na biyu ya fi na farko nauyi, domin rai ne a ciki. Maganin da aka fi fara bayarwa shi ne wanda za ki ga an rubuta Methotrexate a jikin kwalinsa. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba. Mutane sun mutu a ƙasashe daban-daban saboda sun sha shi kullum bisa kuskure, domin yana iya durƙusar da ɓargon da ke ƙera jini. Ki zaɓi rana guda tare da likita, ki sa ƙararrawar waya mai maimaita kanta mako-mako. Juma'a tana da daɗin riƙewa, babu Musulmin da take shige masa. Ki sa wata ƙararrawar daban don ƙwayar folik asid da ake haɗawa da shi, a ranar da likita ya ce. Akwai manhajojin tunatar da shan magani irin su Medisafe da MyTherapy ga mai karanta Turanci, amma agogon ƙaramar waya mai maɓalli ma yana yin aikin. Duk ranar da kika sha, ki faɗa a zauren nan, don kada shakka ta sa ki maimaita. Ki duba ƙarfin ƙwayar kuma, akwai mai miligiram 2.5, akwai mai 10, kada ki ƙirga su ɗaya.

Ki ajiye rubutu ɗaya a fuskar wayar: "Ina shan Methotrexate." Ki nuna wa duk mai kemis da duk likitan da zai ba ki wani magani. Septrin, wanda ake saya kamar gyaɗa don tari ko gudawa, ba ya haɗuwa da shi ko kaɗan. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, sai ki gaya wa likita tun kafin lokacin, akwai waɗanda zai sauya miki. Idan kika ga gyambon baki, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko numfashi yana miki wuya, ki dakatar da shi ki tafi asibiti a ranar, wannan ba abin tura saƙo a jira amsa ba ne.

Sai takardu. Duk sakamakon gwajin da aka ba ki, na ESR da CRP masu nuna ƙarfin kumburi, da na hanta da ƙoda da yawan jini, ki ɗauki hotonsa tun kafin ki bar harabar asibiti, kwanan watan ya fito sosai. Haka takardar magani da kwalayen. Maigida, nan ne aikinka. Ka tura kwafin hotunan zuwa wayarka ko ta wani amintacce a gida, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a mota. Ka sa ranar gwajin jini da ta komawa asibiti a kalandar wayarka, ka karɓi lambar sashen da ke duba ta. Wanda ya zauna Anacha ko Inugu tun 2021 ya san yadda zaman gida na ranar Litinin ya sha wargaza wa mutane shiri, kuma kiran waya ɗaya kafin a fito yakan ceci kuɗin mota da wahalar mara lafiya.

Wayar da ke taimako ita ce kuma ke kawo ɓarna. Facebook da TikTok cike suke da masu tallan maganin sanyi "sha yanzu magani yanzu". Hukumomin lafiya a ƙasashe da dama sun sha gano cewa wasu irin waɗannan haɗe-haɗe ana zuba musu sinadarin sitiroyid a ɓoye. Zafi zai kwanta cikin kwana biyu, ki yi ta sa albarka, bayan watanni fuska ta kumbura, suga da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni, gaɓɓan kuma suna ci gaba da lalacewa. Idan kin daɗe kina shan irin wannan, ko Prednisolone daga kemis, kada ki yanke shi dare ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ɗauki hoton kwalbar ki kai wa likita ya tsara yadda za a rage.

Zama kusa da babbar kasuwar magunguna ta Ogbo Ogwu a Anacha yana sa a ga kamar komai a hannu yake, amma araha ba ta tabbatar da inganci. Ki sayi maganinki a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Lambar rajistar NAFDAC da ke jikin kwali ana iya duba ta a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Idan kwalin yana da wurin kankarewa, a kankare a tura lambobin zuwa inda aka rubuta, amsa takan dawo ta saƙon tes. Ba kowane magani ke da wannan ba, don haka ki riƙe rasit, shi ma ki ɗauki hotonsa.

Kafin tafiya gida hutun Sallah ko biki, ki nemi likitanki ya rubuta miki taƙaitaccen bayani: sunan ciwon, magungunan da adadinsu, da ranar gwajin jini na ƙarshe. Ki sayi abin da zai kai ki har dawowa, ki ƙara na mako biyu saboda halin hanya. Idan azumi ya gabato, ki tambaye shi yadda za a mayar da lokutan shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur, sannan ki gyara ƙararrawar tun kafin a ga wata.