Difloma a hannu, aiki a ina? Abin da ya sa aka buɗe jami'o'i a jahohi

Shekaru da dama, duk ɗalibin Nijar da ya ci jarrabawar BAC ba ya da zaɓi a jami'ar gwamnati cikin ƙasa sai ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, kuma take ɗauke da sunan Abdou Moumouni a yau. A wancan lokaci, mai difloma yana fita ya tarar da kujera a ma'aikatar gwamnati. Yanzu zamani ya canza. Ƙidayar 2012 ta nuna ƴan ƙasa sun haura miliyan 17, kuma kusan rabinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gwamnati ba za ta iya ɗaukar dukan masu gama karatu ba.

Shi ya sa a 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na jami'a, wato IUT, a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2010 waɗannan garuruwa suka samu cikakkun jami'o'i, waɗanda yau ake kira Dan Dicko Dankoulodo, Djibo Hamani da André Salifou. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Manufar ita ce karatu ya dace da abin da kowace jaha ke rayuwa da shi. IUT ta Maraɗi ta fi ba da ƙarfi ga gine-gine da lantarki, ta Tawa ga tafiyar da kamfani da kasuwanci, ta Damagaram kuma ga tsarin birane da aikin man fetur, tunda matatar SORAZ tana jahar tun 2011. An kuma shiga tsarin LMD: shekara uku ta lisansi, biyu ta masta, uku ta dokta, domin diflomarmu ta samu karɓuwa a ƙasashen maƙwabta.

Sai dai matsalar tana nan a bakin ƙofar fita. Karatun fasaha ba ya cika sai ɗalibi ya yi horon aiki, abin da ɗalibai ke kira « stage ». Amma manyan kamfanoni kaɗan ne, galibinsu kuma a Yamai. Arzikin jahohinmu yana hannun ɗan kasuwar Maraɗi, manomin albasa na Galmi, mai gareji da mai walda, waɗanda yawancinsu ba su da takardun kamfani da makaranta za ta ƙulla yarjejeniya da su.

Saboda haka gyaran da ya rage shi ne jami'a ta kusanci waɗannan mutane, ta amince da horon da ɗalibi ya yi a wurinsu, ta kuma koya masa yadda zai kafa tasa sana'ar. Ku iyaye kuma, kafin yaro ya zaɓi fanni, ku tambaya: wa ke ɗaukar masu wannan difloma a garinmu? In babu, zai iya buɗe nasa wurin aiki da ita?