Ƙwarin da ke shan jinin kajinmu da dare

Bara kazar innata ta tashi daga kan ƙwai 12, duk suka lalace. Muka ɗora wa zafin bazara laifi. Sai da na haska akurkin da tocila cikin dare na ga ƙananan jajayen ƙwari suna yawo a jikinta. Da rana a tsagar bango suke ɓuya, shi ya sa shafa wa kaza magani kaɗai ba ya isa.

A kwashe shimfiɗar a ƙona, a liƙe tsagogin, a barbaɗa toka mai sanyi. Bayan kwana 7 a maimaita, don ƙwayayen ƙwarin sun ƙyanƙyashe. Kazar da kuka sayo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis kuwa, ku ware ta mako 2 tukuna. Maganin feshin gona dai, don Allah, kar ya taɓa kaza.