Ƙasusuwan Da Aka Tono A Lungun Gishiri

A shekarar 2010 ne leburori da ke haƙa harsashin wani gini a Philipsburg, babban garin ɓangaren Holan na tsibirin Sint Maarten a tekun Karibiyan, suka ci karo da ƙasusuwan mutane uku, maza biyu da mace ɗaya. Wurin kuwa wani lungu ne da ake kira Zoutsteeg, wato Lungun Gishiri, domin a da gishiri shi ne arzikin tsibirin.

Da an bar katafila ta ci gaba da aikinta, da labarin ya ƙare a juji. Amma sai masanin tonon kayan tarihi na tsibirin, Dokta Jay Haviser, ya shiga maganar, aka adana ƙasusuwan don bincike. Abin da ya fara jan hankali shi ne an sassaƙe haƙoransu na gaba, al'adar da aka sani a wasu sassan Afirka. Gwaji ya nuna an binne su tsakanin 1660 da 1688, tun kafin a kafa garin kansa a 1763.

A 2015 Dokta Hannes Schroeder na Jami'ar Kofanhegan a Denmark da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka samu daga ƙwayoyin halittar da ke cikin saiwar haƙoran. Namiji ɗaya ya fi kusanci da wasu al'ummomin arewacin Kamaru, sauran biyun kuma da mutanen yankin Nijeriya da Ghana na yau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin takardun masu fataucin bayi galibi tashar da aka yi lodi suke ambata, ba garin da aka kamo mutum ba.

Dalilin ke nan da ya sa a tsofaffin garuruwan bakin teku ake so masani ya tsaya kusa da rami duk lokacin da ake haƙa. In ya ga ƙashi ko tsingaro sai a dakata, ya auna zurfi, ya ɗauki hoto, sannan aiki ya ci gaba. 'Yan kwangila kan yi ƙorafin ɓata lokaci, amma ƙasar da aka riga aka birkita ba ta sake ba da shaida.

To, jama'a, daga Badagry da Legas da Kalaba aka yi lodin dubban irin waɗannan mutane, kuma kullum ana zuba sababbin harsasai a garuruwan nan. Wa ke tsaye a bakin ramin?