Neman ƙarfe a bakin teku: Wane shebur ne ya dace da aikin?

A ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka da Ostireliya, tun da sanyin safiya kafin masu shaƙatawa su cika bakin teku, akan ga mutane ɗai-ɗai da abin saurare a kunne suna tafiya sannu a hankali, suna zazzaga na'urar gano ƙarfe a saman yashi. Abin da suke nema shi ne zobba da sarƙoƙi da tsabar kuɗi da suka ɓace wa masu wanka, wani lokaci kuma da kayan tarihi da teku ke amayarwa.

Ita dai wannan na'ura ba baƙuwa ba ce ga waɗanda suka ji labarin neman zinariya a Jado ta arewacin Nijar daga shekara ta 2014. To amma a bakin teku aikinta iyakarsa ta yi ƙara. Abin da ke fito da kayan daga ƙasa shi ne wani shebur mai kama da gwangwani, wanda aka huhhuda jikinsa kamar matsamin mai ƙosai, ta yadda yashi da ruwa za su zube, abin da ake nema ya saura a ciki. Sabbin shiga sukan kashe maƙudan kuɗi a kan na'ura su kuma sayi shebur mafi araha, alhali kuwa shi ne kan raba wanda ya koma gida da zobe da wanda ya koma hannu rabbana.

Me ya sa shebur na gida ba ya wadatarwa?

Dalili na farko shi ne nauyin zinariya. Ta ninka ruwa nauyi fiye da sau 19, saboda haka zoben da ya faɗa cikin jiƙaƙƙen yashi ba ya tsayawa a sama, duk igiyar ruwan da ta taɓa wurin sai ya ƙara nutsewa. Zobba kuwa suna yawan suɓucewa a teku ne domin ruwan sanyi na sa yatsu su motse, ga kuma santsin man da ake shafawa don kariya daga rana.

Dalili na biyu shi ne ramin da aka haƙa a gefen ruwa ba ya daɗewa. Tsakanin igiyar ruwa da mai bi mata 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, kuma da ta iso za ta rufe ramin, ta yiwu ma ta ja abin zuwa wani wuri. Mai shebur na gida sai ya zubar da yashin a gefe sannan ya laluba, amma mai shebur mai rariya ɗebowa ɗaya zai yi ya girgiza a cikin ruwan, ya duba.

Busasshen yashi, jiƙaƙƙen yashi, cikin ruwa

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce: a ina zai yi aikin?

A busasshen yashi, inda mutane ke shimfiɗa tawul su kwanta, ƙaramin shebur na roba ko na alminiyam mai gajeriyar ƙota ya isa. Na roba ma yana da wata fa'ida, domin ana iya kai shi kusa da na'urar da yashinsa a ciki a ji ko abin ya shigo, ba tare da shebur ɗin kansa ya sa ta ƙara ba. Illarsa ita ce yawan sunkuyo, wanda bayan sa'o'i kaɗan ƙugu da gwiwa ke biyan kuɗinsa.

Da zarar an gangara ga jiƙaƙƙen yashi, magana ta sauya. A nan yashin a danne yake, sai an taka bayan shebur da ƙafa kafin ya shiga. Roba takan tsage, siririn alminiyam kuma bakinsa kan lanƙwashe idan ya ci karo da tsakuwa. Shi ya sa akasarin waɗanda suka daɗe a harkar ke amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin kimanin milimita 2, da doguwar ƙota da ke bai wa mutum damar haƙa a tsaye. Irin wannan ƙarfe ma iri-iri ne: akwai mai lamba 304, akwai mai lamba 316 wanda aka haɗa da sinadarin molibdenam, ya kuma fi jure gishirin teku.

Sai dai ƙarfi yana zuwa da nauyi. Alminiyam bai wuce kashi ɗaya bisa uku na nauyin ƙarfe ba, titaniyam kuma ya ɗan haura rabi, ga ƙarfi, amma tsadarsa ta sa ba kowa ke iya sayensa ba. A haƙiƙa ma nauyin shebur ɗin ba shi ne babbar matsalar ba. Lita ɗaya ta jiƙaƙƙen yashi ta kusan kai kilo 2, ke nan shebur mai cin lita 3 zai ɗago kusan kilo 6 a kowane ɗiba. Wanda ya haƙa rami 50 a wuni guda, kuma mafi yawansu murafen kwalba da na gwangwani zai samu, ya san cewar babban shebur ba koyaushe ne alheri ba.

Girman huda

A nan ne aka fi samun saɓanin ra'ayi. Hudojin sukan kama daga kimanin milimita 7 zuwa 15. Manyan hudoji na zubar da yashi da sauri, abin da ke da muhimmanci ga wanda ruwa ya kai masa ƙirji yana fama da igiyar ruwa, kuma zoben babban mutum ba zai bi ta cikinsu ba. Amma ƙaramin ɗan kunne da siririyar sarƙa sukan zurare, mutum ya yi ta jin ƙarar na'ura yana ɗiba bai ga komai ba. Ƙananan hudoji kuwa suna riƙe komai, har da tsakuwa da ƙwanson katantanwa, su kuma toshe idan yashin na da laka.

Wasu maƙera sun raba gardama ta hanyar sanya ƙanana a gindin shebur, manya kuma a gefe, kuma ga wanda shebur ɗaya kacal zai saya, bisa ga dukkan alamu wannan shi ne zaɓi mafi hankali.

Wani abin lura kuma shi ne waldar da ta haɗa gwangwanin da mariƙin ƙota, domin a nan ne shebur mai araha ya fi karyewa. Ita kanta ƙotar ana yin ta da katako, ko zaren gilas, ko zaren kabon mai sauƙin ɗauka da tsada. Kowane iri aka saya, sai an ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan an dawo daga teku.

Abin da aka samu na wa ne?

Jihar Florida ta Amurka na daga cikin wuraren da suka yi suna a wannan harka. A ƙarshen watan Yulin 1715 guguwa ta kifar da jiragen ruwa 11 na ayarin Sipaniya da suka taso daga Havana maƙare da azurfa da zinariya. A shekarun 1950 wani ɗan kwangilar gine-gine mai suna Kip Wagner ya riƙa tsintar sulallan azurfa a gaɓar, ya kuma yi amfani da wata tsohuwar na'urar soja wajen bin diddiginsu. Har yanzu bayan babbar guguwa masu shebur kan yi tururuwa zuwa wurin, ko da yake shiga ruwa da na'ura a kusa da tarkacen jiragen haramun ne ga wanda ba shi da izini. Haka ma an haramta amfani da na'urar a gandayen ƙasa na gwamnatin tarayyar Amurka. Hukumomin jihar kuma na gargaɗin a riƙa cike ramuka, domin 'ya'yan kunkurun teku da ke ƙyanƙyashewa a yashi sukan faɗa ciki su kasa isa ruwa.

A Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, dokar taska ta 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci tsohon kayan zinariya ko azurfa da ya shekara aƙalla 300 ya sanar da hukuma cikin kwanaki 14. Idan kuwa kayan daga jirgin da ya nutse suka fito, dole ne a kai rahoto ga jami'in kula da tarkacen jiragen ruwa cikin kwanaki 28. Zoben aure na zamani kuma yana nan a matsayin dukiyar mai shi, kuma akwai masu na'ura da dama da kan amsa kiran waɗanda suka yi ɓatan, su je su nemo musu.

Ba kuma kowace ƙara ce ake so a taka wa shebur da ƙarfi ba. Gaɓar tekun Birtaniya da Faransa da Beljiyam na ci gaba da fitar da harsasai da bama-baman yaƙin duniya na ɗaya da na biyu waɗanda ba su fashe ba. Shawarar masu tsaron gaɓar tekun Birtaniya ga wanda ya ci karo da irinsu ita ce kada ya taɓa, ya ja da baya, ya kira lamba 999.