Sayen tsohon gida: a duba kafin a biya

In kaka ta yi, manomi ya saida wake da gujiya, kuɗi sukan shigo hannu. A lokacin ne mutane da yawa a gundumomin Tasawa da Mayahi suke neman gida. Wani zai yi wa ɗansa aure. Wani kuma yana so ya dawo cikin gari don yaransa su yi karatu. Tsohon gida ya fi sabon gini sauƙin kuɗi. Amma wanda ya saya da gaggawa yakan biya sau biyu: kuɗin saye, da kuɗin shari'a ko na sake gini.

Gidan na wane ne?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Yawancin tsofaffin gidaje na gado ne. Ɗa guda ba ya da ikon saida gidan uba shi kaɗai. Ƴaƴa mata suna da rabonsu. Matar mamaci ma tana da nata: tumuni ne in akwai ƴaƴa. Akwai marayu ƙanana. Akwai kuma waɗanda suka tafi ci-rani Agadas, ko Najeriya, ko Libiya. In ɗayansu ya dawo ya ce ba da yardarsa aka saida ba, rigima ta tashi ke nan.

Saboda haka mai saye ya tambayi maigari ko mai unguwa, da liman, da maƙwabta. An raba gadon? Magada duka sun yarda? Ba a jinginar da gidan ba? Iyakarsa daga ina zuwa ina? A taka iyakar da ƙafa, maƙwabta suna tsaye.

Ina ruwa yake bi?

Da rani kowane gida lafiyayye ne a ido. Damina ce take tona asirinsa. Mai hankali yakan je ya ga gida a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai yawa, ko da sai kaka zai biya. Ya duba ko ruwa yana kwanciya a tsakar gida. Ya duba ko titi ya fi gidan tudu. Gidan da ke bakin tabki ko kududdufi, ko a cikin kwari kamar na Gulbin Kaba, sai an yi hattara da shi.

A daminar shekara ta 2024 an yi ambaliya mai tsanani a Nijar. Ta shafi mutum fiye da miliyan guda, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gidajen ƙasa da yawa sun faɗi. A Damagaram, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba na shekarar. Bango ana gyara shi. Amma wurin da gida yake, ba mai iya ɗauke shi.

Bango da rufi

Mai saye ya tafi da magini wanda ya yarda da shi, ba wanda mai saidawa ya kawo ba. Su fara daga gindin bango, don nan ne ruwa da gishirin ƙasa suke ci. Ƙaramar tsaga a yaɓe ba kome ba ce. Amma tsagar da ta taso daga ƙasa har sama, ko bangon da ya karkata, alama ce tushe ya lalace. Irin wannan ɗaki rushe shi za a yi.

Sa'an nan su shiga ɗaki su ɗaga kai. Su ƙwanƙwasa azara da sanda. In ta yi ƙarar holoƙo, ko gari ya zubo, gara ta cinye ta. Azarar giginya tana da tsada yanzu, kuma ba a sare giginya ko goruba ko gawo sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Su duba indararo, su ga ko yana jefa ruwa nesa da bango. In rufin kwano ne, a rufe ƙofa da rana. Duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai zuba.

Kada a manta da salga. Ma'aikatan kiwon lafiya suna son ta yi nisan mita 30 daga rijiya.

Takarda

Shaidu suna tsufa, suna mutuwa. Takarda tana nan. Tun shekara ta 1993 Nijar take da dokar da ta tsara sha'anin filayen karkara. Ita ce ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo, a gunduma, da kwamin, da ƙauye. A ƙauyuka kamar na Korgom, ko Maijirgi, ko Sarkin Hausa, a je wurin maigari a rubuta takardar ciniki, magada da shaidu su sa hannu. A cikin garin Tasawa ko Mayahi, inda aka yanka filaye, a nemi takardar filin, a kai ta ma'aikatar magajin gari a tabbatar da ita. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta sunaye da adadin kuɗi da kansa. Kada a ba da kuɗi sai gaban shaidu.

Gyara daki-daki

Kada mutum ya zuba kuɗinsa duka a saye. Ya bar na gyara. A fara da rufi da indararo, sai gindin bango da hanyar ruwa, sai salga. Ado ya zo daga baya. Siminti ba ya kama bangon ƙasa sosai. Yakan ɓamɓare, ruwa ya shige ta bayansa. Yaɓen laka mai kyau, wanda ake sabuntawa a kai a kai, ya fi shi amfani. A yi aikin da rani, a gama kafin ruwan fari ya sauka.