Ƙoda ɗaya, ga kuma kansa: za ta iya ɗaukar magani?

Sau da yawa mai ciwon dajin ƙoda yakan iso gaban likitan ciwon daji da ƙoda ɗaya, domin an riga an cire mai ciwon. Wadda ta rage ɗin ma ba lallai ta kasance garau ba, musamman ga dattijon da ya daɗe yana fama da ciwon suga ko hawan jini. Idan cutar ta bazu zuwa huhu ko ƙashi, sai hankalin iyali ya tashi: anya wannan ƙodar za ta jure magani mai ƙarfi?

Galibi tana jurewa, kuma dalilin yana cikin yadda magungunan suke aiki. A 1993 masu bincike suka gano ƙwayar gado mai suna VHL. Idan ta lalace, ƙwayar halittar ƙoda sai ta ɗauka iskar oksijin ta yanke mata, ta yi ta fitar da sinadarin VEGF, wanda ke sa sababbin hanyoyin jini su tsiro su ciyar da ƙarin. Binciken da ya warware wannan al'amari ne ya ci kyautar Nobel a 2019. Yawancin magungunan da ke toshe wannan saƙo ƙwayoyi ne na haɗiya: domin dajin ƙoda, Amurka ta amince da sorafenib a 2005, sunitinib a 2006, pazopanib a 2009, axitinib a 2012, sai cabozantinib a 2016. Yanzu akan haɗa wasunsu da magungunan zaburar da garkuwar jiki. Ba kasafai suke warkarwa ba. Cutar suke dannewa, su ƙara wa mutum lokaci.

Hanta ce ke sarrafa yawancin waɗannan ƙwayoyin haɗiya. Saboda haka mai raunin ƙoda kaɗan ko matsakaici yakan fara da adadin da kowa ke sha, har masu wankin ƙoda ma an ba su, bisa sa ido. Lenvatinib, wani daga cikinsu, shi kam ana rage shi idan raunin ya yi tsanani. Sai dai manyan gwaje-gwajen da aka yi sun tsame masu tsananin rauni, don haka a nan likita a hankali yake takawa.

Haɗarin ta ƙofar baya yake shigowa. Matatar ƙoda ita kanta tana buƙatar VEGF, shi ya sa maganin kan tayar da hawan jini, ya sa furotin ya riƙa zuba cikin fitsari, wani lokaci har a ga kumfa ko kumburin ƙafa. Ga gudawar da maganin kan jawo, wadda mutane ke rainawa. Mai ƙoda biyu zai iya kwana biyu yana zawo ya tashi lafiya. Mai guda ɗaya mai rauni, ruwan jikinsa na ƙarewa ƙodar tana iya tsayawa. Idan ciwon ƙashi ya tura shi kyamis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, ya ƙara mata kaya. Haka jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Rifampicin na maganin tarin fuka kuwa yana sa hanta ta kore waɗannan magunguna da wuri, ƙarfinsu ya ragu, don haka dole likita ya san ana shan sa.

A ganina na'urar awon jini a gida ta zama tilas ga irin wannan majinyaci, tare da gwajin fitsari da na kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, a kai a kai. Idan sakamako ya karkace, akan dakatar da maganin na ɗan lokaci, ko a rage shi, ko a sauya wani, amma likita ne mai yanke wannan.