Daga Shafi Zuwa Majigi: Inda Littafin Soyayyar Matasa Ke Tuntuɓe

A shekarar 2012 marubucin Amurka John Green ya fitar da littafinsa The Fault in Our Stars, labarin Hazel, yarinya 'yar shekara 16 da ciwon daji ya kama huhunta, da saurayinta Augustus wanda cutar ta riga ta cinye masa ƙafa ɗaya. Bayan shekara biyu aka mayar da shi fim. An kashe kimanin dala miliyan 12, aka samu sama da miliyan 300. Idan kuɗi ne ma'auni, magana ta ƙare. Amma wanda ya karanta littafin kuma ya kalli fim ɗin ya san akwai abin da ya zube a hanya.

Littafin soyayyar matasa a cikin zuci yake rayuwa. Yawanci yarinyar ce ke ba da labari da bakinta: fargabarta, zarginta, yadda take juya kalma ɗaya da saurayi ya faɗa har gari ya waye. Kyamara kuwa fuska kawai take gani. Wannan ne ya kama fim ɗin Twilight na 2008. A littafin Stephenie Meyer na 2005, mai karatu yana zaune cikin kan Bella tsawon shafi kusan ɗari biyar, don haka ya yarda da haukan son da take yi wa Edward. Da aka matse shi cikin awa biyu, sai tunanin ya koma kallon-kallo da dogon shiru. Masoyan littafin sun cike giɓin da abin da suka riga suka sani, fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 400, amma baƙon labarin yakan fito yana tambayar me ya haɗa waɗannan biyun.

Inda fim ke cin nasara shi ne inda ya samo abin gani da zai ɗauki nauyin zuci. A nan masu fim ɗin Hazel suka yi rawar gani. Siririn bututun iska na hancinta, tana jan tukunyar iskar a bayanta duk inda ta sa ƙafa. A gidan tarihi na Anne Frank da ke Amsterdam, ga matakala masu tsayi da ƙunci, ta ƙi yarda a bar ta a ƙasa. Tana hawa tana tsayawa, tana haki. Ba ta ce uffan game da taurin kanta ba, mai kallo ya gani da idonsa. Sai dai fim ɗin ya yi wa ciwo kwalliya. Ya cire Caroline, tsohuwar budurwar Augustus da cutar ta kashe, ya kuma taƙaita lalacewar jikin Augustus a kwanakinsa na ƙarshe, wadda littafin bai ɓoye ba. A ganina wannan asara ce babba, domin gaskiyar ciwon ce ta ba soyayyar tasu daraja.

Marubuciya Jenny Han ta fi sa'a. Labarinta To All the Boys I've Loved Before ya ginu kan wasiƙu biyar da Lara Jean ta rubuta wa samarin da ta taɓa so, ta ɓoye a akwati, ƙanwarta ta aika su a asirce. Wasiƙa sirri ce da ake iya riƙewa a hannu, shi ya sa fim ɗin da Netflix ya saki a 2018 bai sha wahala ba.

Mu ma a Kano mun san wannan hanya. Fim ɗin Hausa na bidiyo a gindin littattafan soyayya ya girma. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka, da auren dolen da ya kai ta ga faɗawa rijiya. A 1994 ya zama fim. Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu su ma sun bi sahu. Matsalar tamu ma ta fi tsanani, tunda addini da al'ada ba su yarda saurayi ya taɓa budurwa ba, balle a nuna a majigi. Abin da marubuci ya shimfiɗa a shafi goma na bege, mai shirya fim sai ya ɗora shi kan waƙa, dabarar da aka koya daga finafinan Indiya. Ana yawan kushe rawa da waƙa a finafinanmu, kuma sau da yawa an yi gaskiya, musamman inda aka cusa waƙa don kasuwa kawai. Amma asalinta aiki take yi: ita ce muryar zuci da kyamara ta kasa ɗauka.

Abin da ya sauya yanzu shi ne tsawo. Wani littafin Jenny Han, The Summer I Turned Pretty, shiri mai dogon zango aka mayar da shi a 2022, aka ba labarin sarari ya numfasa. Littattafanmu da ke zuwa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, da waɗanda 'yan mata ke rubutawa yau a Wattpad da WhatsApp babi bayan babi, dama can da wannan siffar aka gina su. Masu shirya finafinai masu dogon zango a Kano suna da rumbu a gabansu. Ina fata su nemi marubuciyar, su biya ta haƙƙinta, su zaunar da ita wurin rubuta tsarin fim ɗin, domin ita ta san wane tunanin jarumarta ne labarin ba zai tsaya ba idan aka cire shi.